Ranar da Anka Rataye Takalman Nomau

Da nij juya ƙahwar Nomau nig ga tahin, sai da basilla tas suɓuce daga hannuna. Hwatar duk ta tashi ta yi bororo, wani wurin ya hwashe ruwa na tsiyaya. Shi ko gogan shina zamne bisa turmi shina ba ni labarin albasatai, wai bana ta yi kai.

Nic ce, "Nomau, ina kas sa ƙahwar ga?"

Yac ce, "Wace ƙahwa?"

"Taka mana! Ta wa nike riƙe?"

Yal leƙo yad duba kamar ta wani ce, yac ce, "Af. Ashe ta ƙone."

To kun ji kuturta. Ba yanke yatsu take hwara yi ba, yadda ku yaran zamani kuke zato. Jin ciwo take hwara sacewa. Mutum shi taka garwashi, shi taka ƙaya, shi yini da tsakuwa cikin takalmi, bai sani ba sai ya ga jini. Daga nan gyambo, daga gyambo sai wuƙar likita. Aikina kenan shekara da shekaru: in yi ma ƙahwar da ba ta jin komi takalmin da za shi ji a madadinta.

Abin da yas sa nike wanga bayani, jiya abokin jikata Hadiza yaz zo nan gidan, ya ga wani a waya shina yanka tayar mota shina yin takalmi, wai shi ma in ya samu wuƙa kahin la'asar ya yi goma. Ke Hadiza, rubuta yadda nike hwaɗi, kar ki gyara min Hausa ta koma ta Kano. Ki sa inda duk abokan naki za su gani.

Ni baduku ne ɗan baduku, a Wurno anka haihe ni. Wurin babana nik koyi jan hwata, da ɗinkin layu, da kuben wuƙa, da takalman ango. Na riga na yi aure, ina da rumhwata a kasuwa, lokacin da 'yan mishan sunka hwara kawo ƙwayar kuturta ƙauyuka, wajen ƙarshen mulkin Turawa. Babban asibitinsu na can kusa da Sakkwato, amma sun aje malamin asibiti guda shina zagaya Wurno da Rabah da Goronyo, kowane gari da ranarshi, a bayan gari ƙarƙashin itace, don ba mai yarda kutare su taru mashi a ƙohwar gida. Sunka nemi baduku. Dukawan Wurno duka sunka ƙi, wa za shi taɓa ƙahwar kuturu? Ni nik karɓa, don ana biya kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Babana ya yi wata bai ci abinci kwano ɗaya da ni ba.

Takalmi na hwarko da niy yi masu, na zuba gwaninta. Jar hwata, ado bisa maɗauri, ƙusoshi a jere kamar haƙora. Nik kai ma wanda anka ce shi za shi duba aikina, wani tsoho Baba Yohanna. Asalinai Bamaguje ne daga wajen Gusau, ya yi jinya a babban asibiti ya warke, can yaz zama Kirista. Ba shi da yatsa ko guda a hannun dama, na hagu saura babba da rabin wani. Yak karɓi takalmin da dungulminai, yas sa harshe cikin takalmin yal lasa. Harshe fa! Don nan ne kaɗai yake jin abu da kyau. Yat tohwar da yawu yac ce, "Garba, wa kake so ka kashe?"

Tsinin ƙusa guda ne yal leƙo ta ciki, ɗan mitsitsi. Ni da kai in mun taka sai mu yi tsalle mu cire. Kuturu sai shi yi tahiyar yini da ita tana haƙa mashi rami.

Daga ranar nis sake koyon dukanci daga tushe, wurin malamin da ba shi iya riƙe basilla. Shi baki, ni hannu. Ba ƙusa, ko guda. Tahin takalmi tayar babbar mota, ka yanka da wuƙar da kake tsoma ma ruwa, in ba haka ba ta cije. Ka bi da magagari ka cinye duk wani tudu. Bisa taya ka shimhiɗa robar cikin taya, bisanta auduga, bisanta hwatar tunkiya wadda tas sha man shanu hat ta yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Zare ka murza shi da kakin zuma, kuma ƙullin duk waje za shi kwana, ba ciki ba. Kahin duk wannan, awo. Ba gawayi kawai za ka zagaya ƙahwa da shi ba. Sai ka shahe tahin ƙahwar da shuni, ka sa mutum shi miƙe shi taka bisa busasshen kirgi. Inda shunin yay yi baƙi ƙirin, nan nauyinai ke sauka, nan gyambo za shi hito, nan za ka ƙwaƙule taya ka yi mata gurbi. Kowace ƙahwa da nata zanen. Shi yas sa takalmin wani kuturu ba ya yi ma wani, ko da tsawonsu ɗaya. Wanda yac ce kahin la'asar, shi zo shi gwada.

Akwai wata tsohuwa daga Giyawa, dunduniyarta ta karkace hat tana tahiya bisa gehen ƙahwa. Sau da yawa nike gamawa Baba Yohanna shi lasa shi ce, "Kwance." In kwance. Ranar da yay yarda, tsohuwar tas sa, tay yi taku kaɗan, sai tac cire taɗ ɗora bisa kai, wai kar su yi datti. Nan nig gane cewa rabin aikin ga ba ɗinki ba ne, hwaɗa da mutane ne. Mutanenmu sun ɗauki takalmi kayan ado. A tsallake hwadama a cire. A ga surukai a cire. A ga Baturiya Sista ta zo duba aiki, kowa shi tuɓe shi durƙusa, ita tana ihu su maida, su suna ƙara ladabi.

Sai muguwar shekara taz zo. Damina tay yanke gero na cikin ɗaukar ciki. Motoci sunka rage zuwa, don ba abin ɗauka, tsohuwar taya kuwa sai ka je tashar Sakkwato ka yi roƙo. Wata rana munka shiga kasuwar Goronyo nig ga takalmin da ni niy yi da hannuna a ƙahwar wani mai jakai, ƙato lahiyayye. Na san ɗinkina. Mai shi ya sayar ya sayi dawa. Kahin wata shi zagayo na ga irinsu da dama.

Malamin asibitin namu, Malam Bitrus, mutumin ƙasar Zariya ne, saurayi, mai tsabta, mai son aiki shi tahi daidai. Ba mugu ba ne, in hwaɗi gaskiya. Shi ke wanke gyambon da ko ɗiyan mutum ba su iya kallo. Ran Lahadi kuma shi ke yi ma 'yan tsirarun Kiristan da ke tare da mu wa'azi. Ganin ana sayar da takalma, yak kahwa doka: duk wanda anka kama ya taka ƙasa ba takalmi, ko da dalili ko ba dalili, a karɓe, kuma ba shi ƙara samu. Wanda anka karɓe sai shi rataye bisa reshen tsamiyar da muke aiki ƙarƙashinta a bayan Rabah, kowa shi gani shi ji tsoro.

To ranar ga ta Nomau a nan ne, cikin bazara, rana ta take. Nomau manomin albasa ne daga Tursa, mai mata da ƙananan ɗiya, kuma a duk masu zuwa ba wanda yak kai shi kiyaye takalmi. Ƙahwatai ta hagu ta taɓa yin gyambo ta warke da ƙyar. Likita ya ce in ta sake ruɓewa sai yanka. Manomin hwadama ba ƙahwa, wa za shi ja mashi ruwa?

Malam Bitrus yaz zo yad duba tahin. Yac ce, "Wanga ƙunar ƙasa ce. Ka cire takalmi."

Nomau ba shi iya ƙarya, yac ce, "Na cire, Malam."

"Ina?"

"Ƙohwar gidan mai sarauta, a hanya. Na iske shina waje da mutanenai ana shari'ar wata gona. Dogari yac ce min, kai kuturu, har ka yi girman da za ka wuce gaban manya da takalmi? Nic cire nid durƙusa. Ba su sallame ni ba sai da anka gama."

Ba zan hwaɗi sunan garin ba, jikokinsu na nan. Amma ku duba min wanga abu. Su suna inuwa bisa buzu, talaka na tsugune bisa rairayin da ko jaki ɗaga ƙahwa shike in ya taka. In bai cire ba bulala. In ya cire Malam Bitrus. Ina za shi bi?

Malam Bitrus yac ce, "Doka doka ce." Yaɗ ɗauki takalman daga gabana yar rataye bisa tsamiya.

Nic ce, "Malam, da mi za shi koma Tursa?"

"Da abin da yad durƙusa da shi."

Wallahi jinina ya hau. Na miƙe da wuƙar taya a hannu ban sani ba. Sai Baba Yohanna yad dahwa ni da dungulminai, yam matso shina jan ƙahwa, don shi ma nashi tahin matacce ne, takalman da niy yi mashi ne a ƙahwatai.

Yac ce, "Bitrus ɗana, ran Lahadi mi kac ce muna a ƙarƙashin itacen ga?"

"Baba, wannan daban, wancan daban."

"A'a, tuna min. Kunne da harshe ne kaɗai cutar ga tab bar min lahiya lau. Ba kai kac ce ba wanda za shi tsira gaban Allah don ya kiyaye doka, tunda ba a taɓa haihuwar wanda yak kiyaye ta duka ba? Ba kai kac ce Allah bai jira munka gyaru ba, muna cikin dattinmu Yesu Almasihu yaɗ ɗauki hukuncin da ke kanmu, abin da yar rage mu gaskata mu miƙa hannu mu karɓa? Har kac ce alheri in anka biya shi ya tashi daga alheri ya koma lada?"

"Ceton rai nike magana, Baba, ba tayar mota ba."

"Ahaf. Allah ya ba ka babba kyauta, kai kuma ƙaramin za ka sa ma sharaɗi."

Kutaren da ke layi sunka hwara dariya ƙasa-ƙasa. Malam Bitrus bai ji daɗi ba. Yac ce, "In na ƙyale wanga, gobe kowa shi kai nashi kasuwar Goronyo shi dawo da labarin dogari. Taya nawa gare mu? Sista ni za ta tambaya, ba kai ba. Ko so kake a ce tunda akwai alheri kowa shi yi abin da yag ga dama?"

Baba Yohanna yan nuna kirgin awo da ke gabana, mai zanen ƙahwahu, yac ce, "Ban ce doka banza ce ba. Ga ta nan, shunin Garba ce. Tana nuna maka inda ƙahwa tal lalace, ba ta ɓoye komi. Amma ka taɓa ganin wanda yat tahi gida sanye da shuni? Ta nuna, aikinta ya ƙare. Sai a kawo abin da za shi ruhe. Ni nan da kake gani na gudu daga babban asibiti ana tsakar yi min magani, na karya duk dokar da sunka kahwa, nid dawo ba yatsu. Da irin dokarka anka yi min, da kura ta daɗe da cinye ni a dajin Gusau. Ba don na cancanta anka buɗe min ƙohwa ba."

Bari in tsaya nan in yi maku bayani, don kar wani shi ce tsoho ya rikice. Ni Musulmi ne, jiya da yau, a kan haka nike roƙon Allah shi ɗauki raina. Mu ma mun san ba wanda aikinai kaɗai za shi kai shi aljanna sai da rahamar Allah, amma muna da mizani, za a auna aiki. Su abin da suke koyarwa ya wuce nan. Cewa suke an riga an biya, wani ya tsaya a wurinka, kai naka ka gaskata, aikin kirki kuma daga baya shike biyowa kamar godiya, ba shi ne kuɗin shiga ba. Mun sha gardama da Baba Yohanna bisa wanga a hanyar Goronyo, shi bisa jaki ni a ƙasa, bai ja ni ba ban ja shi ba. Amma na san abin da sunka ce sun gaskata, don kullum a kunnena ake hwaɗi. Abin da yab ba ni haushi kenan. Mutum shi hwaɗi abu da bakinai ran Lahadi, ran Talata shi rataye takalmin manomi bisa itace.

Malam Bitrus yac ce, "Baba, ka gama? Na gaba shi matso."

Sai tsohon yaj juya yah hita daga inuwa. Yat tahi tsakiyar hili inda rana ke dukan rairayi, yas sa dungulmi yat ture maɗaurin takalmanai, yat taka ƙasa da tahinai tsirara. Na zaci Nomau za shi ba, har na buɗe baki in ce ba za su yi mashi ba, ai kai kak koya min. Ashe ba nan yan nuhwa ba.

Yac ce, "Bitrus, dokarka ta ce a karɓe takalmin wanda yat taka ƙasa. Ga ni na taka. Tana son takalmi bisa reshe, ga nawa, rataye. Ka sauko ma bawan Allah ga da nashi."

"Baba, maida takalmanka."

"Sai ka sauko da nashi."

"Ba a yi min haka gaban mutane!"

Yat tahi da hushi yak kwashe na tsohon, yar rataye kusa da na Nomau, yad dawo yaz zamna yac ci gaba da ba da ƙwaya. Zatonai tsoho za shi gaji shi dawo inuwa. Ya manta wa yake gardama da shi. Mai lahiya zahi ne za shi koro shi. Wanga ba abin da za shi koro shi, ba ya jin komi. Tsaye kawai shike, hannu a baya, kamar mai jiran mota.

Nij jawo kirgi da gudu nij jehwa gabanai nic ce, "Baba, don girman Allah taka nan." Yam matsa gehe. Nik kama shi zan ɗauka, yac ce, "Garba, in ka ɗaga ni ba ni ba kai." Nomau kuwa sai kuka shike daga bisa turmi, "Baba ka bari, ni na yahe takalmin, in tahi hakanan!" Matan da ke layi sunka hwara salati.

Nid dawo wurin Malam Bitrus. Ban san lokacin da nid daina ce mashi Malam ba. Nic ce, "Bitrus, a wurin ga duka ni da kai ne masu jin zahi. Cire naka ka taka ka ji abin da tsohon ga ke tsaye a kai. In ka iya tsayawa, ni da kaina zan ƙara rataye wasu."

Yad dube ni kamar za shi mare ni. Sai yat tashi, yat tuɓe ƙahwa guda, yam miƙa ta wajen inuwa yat taka. Ko numhwashi bai gama ja ba yaf fizge ta. Huskatai tas sake. Yar ruga yat tsinko takalman duka daga reshe, yat tahi yad durƙusa gaban tsohon shina sa mashi da hannunai. Baba Yohanna yac ce, "Na Nomau tukuna."

Munka ɗauke shi zuwa inuwa. Da nij juya tahinai, irin abin da nig gani ga Nomau ne, sai dai wanga hwatar tsoho ce, wadda ta riga ta sha gyambo ta yi siriri.

Ranar ban yi sallar la'asar kan lokaci ba. Malam Bitrus ya ɗaure ƙahwar Nomau, ni kuma nik kwance takalmanai nis sake ƙwaƙule gurbi daidai inda ƙunar take, niƙ ƙara auduga, nis saki maɗauri don bandeji shi samu wuri. Munka ɗora shi bisa jakin kayan aikinmu, nir raka shi hat Tursa, nic ce ma matatai kar ta bari shi taka ƙasa sai ta ga sabuwar hwata. Ƙahwar Nomau ta warke.

Ta Baba Yohanna ba ta warke ba. Ga yunwa, jiki ba abin gina hwata. Ta dama tay yi gyambo, gyambon yac ci zuwa ƙashi. Malam Bitrus da kainai ke wanke ta kowace sahiya, bai taɓa bari wani ya taɓa ba, amma ƙarshe sai da motar Sista tak kai shi babban asibiti anka yanke rabi. Da yad dawo bai ƙara zagaye da mu ba. A Wurno shike zamne bisa tabarma, in kawo takalmi shi lasa shi ce ya yi ko kwance. Dokar kuwa ba wanda yac ce an soke ta, reshen ne kawai ba a ƙara rataye komi a kai ba.

Abu guda nis samu daga wanga masihwa. Na zamna ina tunanin dogari, don shi ba wa'azin da za shi gyara shi. Sai nit tuna huffi, safar hwatar ga da malamai ke sawa. Ba dogarin da ke ce ma mutum cire huffi. Nih hwara ɗinka ma kowane kuturu huffi mai kaurin tahi a cikin takalminai. In ya zo ƙohwar manya shi tuɓe na waje, ladabi ya cika, ƙahwa na ruhe. Nomau nih hwara yi ma.

Yanzu ku saurari abin da yas sa har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Damina ta hwaɗi, gero bai nuna ba, lokacin da yunwa ta hi cizo. Muna Wurno ran aiki sai ga Nomau. Ƙahwa tsirara, ya naɗe ta da tsumma. Ba takalmi, ba huffi. Yak kasa duban kowa. Nic ce, "Ina suke?" Yac ce, "Goronyo." Albasa ta ƙare, ɗiyanai sun kwana biyu sai ganyen tahwasa suke ci, ya kai takalman kasuwa ya karɓi dawa.

Takalman ga fa. Waɗanda tsoho yab ba da rabin ƙahwatai a kansu.

Na zage shi zagin da ban taɓa yi ma babba ba. Nic ce ga tsohon can bisa tabarma, je ka duba abin da kas saya da dawarka. Nic ce in na ƙara taɓa ƙahwarka ba Garba sunana ba. Malam Bitrus na tsaye, na ga abin da ke huskatai, ai ga abin da yah hwaɗa tun hwarko ya tabbata. Kuma saura taya guda gare ni, ga mutane a layi waɗanda ba su taɓa sayar da nasu ba.

Baba Yohanna yaj jawo jiki daga tabarma yac ce, "Nomau, yaran sun ci?"

"Sun ci, Baba."

"To madalla. Garba, kawo shuni."

Nic ce, "Baba, wanga mutum bai cancanta ba!"

Yac ce, "Ran tsamiya ce maka anka yi don ya cancanta nit tsaya? Auna shi."

Nid dubi Malam Bitrus ko za shi goya min baya. Sai nig ga ya duƙa shina kwance tsumman ƙahwar Nomau, ya jawo kwanon ruwa.

Na auna shi. Ina huci, ina ƙunƙuni, basilla har ta soke ni a yatsa don haushi, amma ɗinkin ban rage komi ba, tsohon ya lasa ya ce ya yi. Nomau ya tsuhwa a Tursa, ya aurar da ɗiyanai da kuɗin albasa, da ƙahwahunai biyu anka kai shi kabari. Baba Yohanna da sanda yaƙ ƙare kwanakinai. Ni kuma ga ni, na kusa bin su, kuma har yau ban gama yanke ma kaina ko tsohon ga daidai yay yi ko ganganci ba. In na tuna ƙahwatai in ce ganganci. In na ga jikokin Nomau sun shigo Sakkwato da motar albasa in janye maganar.

To ku masu cewa yankan taya ne kawai, ga wuƙa ga basilla. Taya guda ta rage, layi na jiranka, mutumin da anka yi ma wanga alheri ya dawo maka ƙahwa tsirara. Ku hwaɗa min tsakaninku da Allah, za ku auna shi?